Daga Tasha ta Shida Zuwa Cibiyar Ƙasa: Abin da Narkakken Ƙarfe Ya Haɗiye

Ranar Talata 7 ga watan Oktoba na 2008, kimanin mako guda bayan ƙaramar salla, da wajen ƙarfe shida saura kwata na asuba, mutanen Wadi Halfa da ma'aikatan tashoshin jirgin ƙasa na hamadar Nuba suka ga wani haske ya keto sararin sama. Wani dutse ne mai faɗin kusan mita 4 da nauyin kimanin tan 80 ya shigo iskar duniyarmu a guje, ya tarwatse a nisan kilomita 37 sama da ƙasa, ɓarɓashinsa ya watsu cikin rairayi.

Faɗowar dutse daga sama ba sabon abu ba ne. Abin da ya bambanta wannan shi ne an hango tahowarsa tun bai iso ba. Wani mai duban taurari da ake kira Richard Kowalski, a jihar Arizona ta Amurka, shi ya fara ganinsa ranar 6 ga wata, kuma kafin a kwana masana sun riga sun lissafa cewa a arewacin Sudan zai faɗi. Wannan ne karo na farko a tarihi da aka yi irin haka.

A watan Disamba na wannan shekara, Dokta Mu'awiya Shaddad na Jami'ar Khartoum da Dokta Peter Jenniskens daga Amurka suka kwashi ɗalibai da ma'aikatan jami'ar su 45 zuwa hamada. Suka yi sahu kamar masu shara, suna tafiya a ƙasa suna duban rairayi, har suka fara tsintar baƙaƙen duwatsu. Bayan zuwa da dama an tara guntaye kimanin 600, masu nauyin kilo 10 da rabi. Aka raɗa wa dutsen sunan tashar da ta fi kusa a kan layin dogo na Wadi Halfa zuwa Abu Hamad, wato Almahatta Sitta, Tasha ta Shida.

To, jama'a, a cikin waɗannan guntaye an sami wata shaida a kan tambayar da ta daɗe tana damun masana: mene ne a can tsakiyar wannan ƙasa da muke takawa? Kafin mu je ga shaidar, sai mu fara biyawa ta maƙera, domin a nan ne asalin maganar yake.

ILMIN DA KE HANNUN MAƘERI

Duk maƙerin da ya ƙware, na kasuwar Omdurman ne ko na ƙauyukan Farin Nilu, ya san ƙarfe suna ya tara. Akwai mai taushi wanda ke lanƙwasa bai karye ba. Akwai mai tauri wanda ake wuƙa da gatari da shi, shi ya sa ake farautar sifirin tsohuwar mota. Akwai kuma na zubi, irin na tsohon injin ɗinki, wanda in aka buga masa masaba sai ya fashe kamar tukunyar ƙasa. Dukansu baƙin ƙarfe ne. Abin da ya raba su shi ne yawan sinadarin gawayi, wanda masana ke kira kabon, da ya shiga jikinsu.

Zallar ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,538. Amma idan kabon ya shige shi har kashi 4 cikin 100 da 'yan kai, sai ya narke a wajen digiri 1,150. Farar wuta ta fi haka ɓarna: haɗinta da ƙarfe kan fara narkewa tun kafin a kai digiri 1,000. Saboda haka ne ƙarfen da farar wuta ta yi wa yawa yake tsagewa a kan uwar maƙera tun yana ja, duk da cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Wannan ilmi tsoho ne a ƙasar nan. A tsohon birnin Marawi da ke Bajarawiyya kusa da Shandi, kimanin kilomita 200 arewa da Khartoum, akwai tsibi-tsibin kashin maƙera masu kama da tuddai, har layin dogo ya ratsa ta cikin ɗaya daga cikinsu. Binciken da Dokta Jane Humphris ta jagoranta daga 2012 ya nuna an yi fiye da shekara dubu ana narka tama a wurin. A ƙasar Hausa ma, tarihin Kano ya fara ne da masu aikin tama a gindin Dala. Aikin duka iri ɗaya ne: a zuba tama da gawayi a murhu, a yi ta zuga, har ƙarfe ya rabu da dutse, kashin ya tsiyaye gefe guda.

Mai karatu ya riƙe abu biyu daga nan. Na farko, wuta tana raba ƙarfe da dutse. Na biyu, ƙarfe ba ya fita shi kaɗai, sai ya ɗebi wani abu daga inda ya fito, kuma abin da ya ɗiba shi ke sauya halinsa.

LABARIN ZUCIYA A TAMBAYI FUSKA

Daga inda muke zuwa cibiyar ƙasa kilomita 6,371 ne. Rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa a miƙe shi ne na Kola a Rasha, wanda a 1989 ya kai mita 12,262. Ke nan ko ɓawon ƙasa ba a huda ba. Yaya aka yi aka san abin da ke ciki?

Mai sayen kankana ba ya fasa ta kafin ya biya. Ƙwanƙwasawa yake yi, ya saurari amon. Girgizar ƙasa ita ke ƙwanƙwasa duniya, na'urori a ƙasashe dabam-dabam kuma su saurara. Da irin wannan sauraro Richard Oldham ɗan Birtaniya ya gano a 1906 cewa akwai wata ƙwallo dabam a tsakiyar ƙasa. A 1914 Beno Gutenberg ɗan Jamus ya auna cewa tana farawa a zurfin kilomita 2,900. A 1926 Harold Jeffreys ya nuna cewa narkakkiya ce, domin akwai wani nau'in motsin girgiza da ba ya ratsa ruwa, kuma an ga ba ya ratsa ta. Sa'an nan a 1936 wata mata 'yar Denmak mai suna Inge Lehmann ta gano cewa a cikin narkakkiyar akwai wata ƙaramar ƙwallo, wadda daga baya aka tabbatar daskararriya ce. Tana farawa a zurfin kimanin kilomita 5,150.

An kuma san cewa ƙarfe ne mafi yawan abin da ke wurin. Duwatsun da muke gani sun fi ruwa nauyi kusan sau 3, amma duniya gaba ɗaya ta fi ruwa nauyi sau 5 da rabi. Dole ke nan akwai abu mai nauyi a ciki. Ga kuma duwatsun da ke faɗowa daga sama, waɗanda wasunsu zallar ƙarfe ne da nikel, ɓaraguzan cibiyoyin ƙananan duniyoyi da suka farfashe. Wannan cibiya tamu ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin duniya.

Sai a 1952 Francis Birch na Jami'ar Harvard ya zo da wani lissafi. Ya kwatanta nauyin cibiyar, kamar yadda girgizar ƙasa ta nuna, da nauyin da ya kamata zallar ƙarfe ya yi a irin wannan matsi da zafi, sai ya ga cibiyar ba ta cika mudu ba. Ta gaza da kusan kashi 10 cikin 100. Awon da aka yi daga baya ya sa giɓin tsakanin kashi 5 da 10 a narkakken sashe, a daskararren sashe kuma bai kai haka ba. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wasu sinadarai marasa nauyi da suka narke cikin ƙarfen suka sirka shi.

Biyar ne ake tuhuma: farar wuta, kabon na gawayi, silikon, wanda shi ne ƙashin bayan rairayi, oksijin na iskar da muke shaƙa, da haidurojin, wanda ke cikin ruwa. Mai karatu zai lura cewa biyun farko maƙeri ya riga ya san su.

YADDA SUKA SHIGA

Shekara miliyan 4,500 da suka wuce, lokacin da duniya ke haɗuwa daga duwatsun da ke karo da juna, zafin karon ya narkar da samanta ya zama tekun narkakken dutse mai zurfin ɗaruruwan kilomita. Abin da ke faruwa a murhun Marawi shi ya faru a nan, amma a faɗin duniya. Ƙarfe ya rabu da dutse, kuma da yake ya fi nauyi sai ya riƙa nutsewa ɗigo-ɗigo kamar ruwan sama, ya taru a tsakiya. A kan hanyarsa ta nutsewa ne ya sha abin da ya sha.

Abu biyu ke yanke yawan abin da zai narke, kuma duka biyun mun san su a gida. Na farko zafi. Mai shayi ta san sukari ya fi saurin narkewa da yawan narkewa a ruwan zafi. Haka silikon da oksijin: a zafin maƙera sun fi son zama cikin dutse, shi ya sa suke fita cikin kashin maƙera. Amma idan zafi ya haura digiri 3,000 sai su fara shiga cikin ƙarfen.

Na biyu matsi. Kwalbar lemo tana riƙe da iska narke a cikinta muddin marfin yana rufe, da an buɗe sai iskar ta taso. Haidurojin haka yake da ƙarfe: a sarari kaɗan yake shiga, a ƙarƙashin matsi kuwa ƙarfe kan sha shi da yawa. Masuntan madatsar Jabal Awliya da ke nutso sun san yadda ruwa ke danne kunne. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi daidai da na dukan iskar da ke kanmu. A bakin cibiyar ƙasa matsin ya ninka wannan sau miliyan 1 da dubu 360, a tsakiyarta kuma sau miliyan 3 da dubu 600, ga zafin da ya haura digiri 5,000.

Masana suna gwada wannan ne da wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. Sukan sa ƙwayar ƙarfe da ba ta kai kaurin gashi ba tsakanin tsinin lu'ulu'u biyu, su matse, su haska mata hasken leza har ta narke, sa'an nan su duba abin da ya shige ta. Da irin wannan gwaji ne ayarin Farfesa Kei Hirose a Tokiyo ta Japan suka ƙiyasta a 2021 cewa haidurojin da ke cikin cibiyar zai iya kai na ruwan tekunan duniya ninki 30 ko fiye. In haka ne, mafi yawan ruwan da duniya ta samu tun farko yana can ƙulle cikin ƙarfe. Ita farar wuta a kowane hali tana son ƙarfe, sai dai tana saurin tashi da zafi, don haka duniyarmu da ke kusa da rana ba ta sami da yawa ba. Masana sinadarai suna ƙiyasta rabonta a cibiyar da kimanin kashi 2 cikin 100. Rabon kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin shi ne abin da ake ta muhawara a kai har yau.

SHAIDAR TASHA TA SHIDA

Yanzu sai mu koma kan duwatsun da ɗaliban Khartoum suka tsinto. Akasarinsu wani nau'i ne da ba a cika samu ba, mai yawan kabon, kuma a cikinsu akwai ƙananan lu'ulu'u da ido ba ya gani sosai. Lu'ulu'u dai gawayi ne da matsi ya mayar da shi haka, kuma idan yana girma yakan kulle abin da ke kusa da shi a cikinsa, ya adana shi.

A watan Afrilu na 2018, Farhang Nabiei da abokan aikinsa a Lozan ta Suwizalan suka bayyana abin da suka gani cikin lu'ulu'un Almahatta Sitta. Sun sami ƙwayoyin ƙarfe haɗe da farar wuta, a kan ma'aunin ƙarfe uku farar wuta ɗaya. Irin wannan haɗi ba ya samuwa sai matsi ya haura na iskarmu sau dubu 200. Dutse mai mita 4 ba shi da wannan matsi. Sai suka ce lu'ulu'un sun girma ne a cikin wata duniya da girmanta ya kai tsakanin Uɗaridu da Mirrih, wadda ta farfashe tun farkon zamani, kuma guntunta ne ya yi ta yawo har ya faɗo hamadar Nuba.

A 2020 wasu masana ƙarƙashin Fabrizio Nestola na Jami'ar Padova a Italiya suka ƙalubalanci wannan. A ganinsu karo mai tsanani tsakanin duwatsu ya isa ya haifar da lu'ulu'un cikin ɗan lokaci, ba sai an sami babbar duniya ba. Ko wanne ya yi rinjaye, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa ƙarfe da kabon da farar wuta sun cuɗu cikin matsi mai tsanani a wannan dutse. Abin da ba a iya ɗebowa daga zurfin kilomita 2,900, ga ɗan samfurinsa an tsinta a gefen layin dogo.

INA RUWANMU?

Mai karatu zai iya cewa, to, ƙarfe ya sha gawayi ko ya sha farar wuta a can ƙasa, ina ruwan mai kamun kifi ko mai sayar da goro? Ruwansa yana nan cikin allurar kamfas da matafiyi ke neman alƙibla da ita, da wadda ke cikin wayar hannu.

Duniya tana hucewa a hankali, saboda haka daskararriyar ƙwallon tsakiya tana ƙara kauri da kimanin milimita 1 a shekara. Duk matar da ke daskarar da zoɓo a leda don sayarwa ta san cewa ruwan ne ke fara zama ƙanƙara, zaƙin ya taru gefe guda. Haka ƙarfe idan yana daskarewa yakan tofar da wasu daga cikin abin da ya sha, musamman oksijin. Narkakken ƙarfen da ya karɓi wannan sai ya fi na kewayensa rashin nauyi, ya taso sama, mai nauyi ya gangara ya maye gurbinsa. Wannan hawa da sauka, tare da juyawar duniya, shi ke motsa tekun ƙarfe mai kaurin fiye da kilomita 2,200, motsin kuma ya haifar da lantarki, lantarkin ya haifar da maganaɗisun duniya.

Maganaɗisun nan shi ke juya allurar kamfas ta fuskanci arewa, shi ke kuma karkatar da yawancin ƙwayoyi masu cutarwa da rana ke fesowa, waɗanda kan lalata taurarin ɗan Adam da layukan wuta. Kuma da yake tekun ƙarfen ba ya tsayawa, arewar kamfas ma tana matsawa: a ƙarnin da ya wuce tana arewacin Kanada, yanzu ta doshi Saiberiya. Bugu da ƙari, kamar yadda kabon ke sa ƙarfen zubi saurin narkewa, haka waɗannan sinadarai suka rage zafin da cibiyar ke bukata don ta zauna a narke. Sirkin da maƙeri ke ƙi a wuƙarsa yana cikin abin da ya hana injin duniya tsayawa.

DARASIN MIRRIH

Mirrih, tauraron nan ja da ƙungiyar ƙwallon Omdurman ta ari sunansa, ya nuna mana ɗaya fuskar. Ranar 26 ga Nuwamba 2018 kumbon InSight na Amurka ya sauka a kansa da na'urar jin girgiza, ya yi aiki har Disamba 2022. Sakamakon 2021 ya nuna cibiya mai kimanin kilomita 1,830 daga tsakiya zuwa baki, mai rashin nauyi ƙwarai. A 2023 aka gyara lissafin zuwa wajen kilomita 1,650, bayan an gano narkakken dutse ya lulluɓe ta. Duk da gyaran, cibiyar Mirrih ta fi tamu sirki nesa ba kusa ba, kuma farar wuta ce kan gaba.

Mirrih ya taɓa yin maganaɗisu, ya rasa shi kimanin shekara miliyan 4,000 da suka wuce. A yau hamada ne mai sanyi da siririyar iska, ko da yake busassun kwaruruka sun nuna ruwa ya taɓa gudana a kansa. Wani gwaji da aka yi a Tokiyo a 2022 ya ba da wani dalili mai yiwuwa: a irin matsin cibiyar Mirrih, narkakken ƙarfe mai farar wuta da mai haidurojin sukan ƙi haɗuwa, su rabu gida biyu. Wanda ya tsaya a Mugran lokacin damina ya ga yadda Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa kowanne da launinsa. A cibiyar Mirrih kuwa ɗaya ne zai hau kan ɗaya, mara nauyi a sama, mai nauyi a ƙasa, kuma da zarar kowa ya sami wurin zama sai hawa da sauka su tsaya, maganaɗisu ya mutu.

Bincike bai tsaya ba. A watan Oktoba na 2023 aka harba kumbon Psyche zuwa wani dutse mai yawan ƙarfe da ke tsakanin Mirrih da Mushtari, wanda ake zaton ragowar cibiyar wata ƙaramar duniya ce. Ana sa ran isarsa a 2029.

ABIN LURA GA IYAYE DA MATASA

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya rufe makarantu da jami'o'in Khartoum, ya raba yara da yawa da karatu, har da namu na Jabal Awliya da Omdurman. A irin wannan hali da wuya uba ya ga amfanin ɗansa ya karanci duwatsu ko taurari. Amma a tuna cewa waɗanda suka samo wa duniya guntayen Almahatta Sitta ɗaliban ƙasar nan ne, kuma da ƙafa da ido suka yi aikin. Sunan wata ƙaramar tashar jirgi a hamada ya shiga littattafan kimiyya saboda su.

Yaron da ya tashi yana zuga wa mahaifinsa wuta ya riga ya san cewa launin ƙarfe yana faɗin zafinsa, kuma gawayi yana sauya taurinsa. Wanda ya tashi a bakin madatsa ya san matsin ruwa a kunnensa. Abin da ya rage musu shi ne lissafi da sinadarai, waɗanda sai a aji ake samunsu. Saboda haka duk inda makaranta ta buɗe, a mayar da yara, maza da mata, kuma kada a bar su su guje wa darussan kimiyya don an ce suna da wuya. Wanda kuma ya tsinci baƙin dutse mai nauyi fiye da kima, mai ɓawo kamar an ƙona shi, wanda maganaɗisu ke kamawa, kada ya fasa shi ko ya sa shi a wuta. Ya lura da inda ya same shi, ya kai wa malaman sashen duwatsu ko na fiziya a jami'a mafi kusa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.